Waɗanda Suka Zo Neman Hannun Iliya

Filin wasan tsohuwar makarantarmu ya ƙare. An daɗe ana gutsurarsa ta gefe-gefe, yau a kafa shago, gobe a ja katanga, amma ban san ya tafi gaba ɗaya ba sai ranar da ɗan acaɓa ya sauke ni a wurin, na tsaya ina neman inda ragar gabas take a da, na tarar da mai facin taya zaune a kai. Kusa da shi akwai wani shago da samari ke cika maƙil tun daga hantsi. Jikana da na tarar a wurin ne ya ja ni ciki. Talabijin a kowane bango, kowa da waya a hannu, ana zuba kuɗi a kan wasannin ƙasashen da ba wanda ya san hanyarsu. Na ɗauka ƙwallon ƙafa ce kaɗai, sai yaron ya ce a'a, idan 'yan ƙwallon Turai suka tafi hutu, besbol na Amurka da hokin ƙanƙara ake yi wa caca. Na ɗaga kai na ga wasu ƙarti cikin sulke suna sulɓi a kan ƙanƙara da sanduna. Ana cikin haka biyu daga cikinsu suka yar da sandunan suka kama dambe, alƙalin wasa kuwa ya ja gefe yana kallo kamar an gayyato shi. Na ce wa jikana wannan faɗan shiri ne, don a tara jama'a. Ya yi dariya ya ce, "Kaka, kai komai ka gani sai ka ce da wata a ƙasa." Ban musa ba. Na fi kowa a shagon nan son wasa, na kuma san dokokin wasannin biyu tun ba a haifi iyayensu ba. Sai dai duk inda na ga ana biyan mutum don ya buga ƙwallo, idona ba ya tsayawa a kan mai bugun. Wanda ke tsaye a bayan fili da hannu a aljihu nake nema. Ba da wannan hali aka haife ni ba, koyonsa na yi.

Ni ban taɓa buga wasa ba. Shan-inna ya taɓa ƙafata ta hagu tun ina rarrafe, don haka rabona a makarantar kwana shi ne kallo, na kuwa riƙe shi da gaske. A lokacin Kontagora ba ta da wannan hayaniya. Idan aka buga ƙarfen tayar mota da ke rataye a bishiyar maɗaci, har cikin gari ana jin sa, a san 'yan makaranta sun fito fili. Da damina mu ke sare ciyawar da langalanga, a jere, ana waƙa, hannu ya yi kanta. Ni da ba na iya bin sahu sai a ba ni aikin zana layuka da toka, in yi ta yawo da gwangwani daga madafa zuwa fili. Ranar wasa kuwa mata masu gyaɗa da ƙosai su ne ke fara zuwa, sannan teloli da makanikai, sannan ma'aikatan En'e da kekunansu. Ba ƙofa, ba tikiti. Abin da ake ji shi ne ƙwas-ƙwas na sanduna, da usur, da numfashin yara idan suka gifta ta gabanka. Yau yaro zai kalli wasa daga safe har yamma bai ji warin ciyawar da aka tattake ba, bai san sunan uwar ɗan wasa ko ɗaya ba. Mu kuwa kowane ɗan wasa mun san gidan da ya fito da abin da ake nomawa a gonarsu.

Mahaifina malamin zaure ne, gidanmu na cikin gidajen da suka zauna tun kafuwar gari. Bai taɓa taka filin ba, amma bai hana ni ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Muddin don kansu suke zubar da gumi, ƙyale su. Ranar da ka ga wani ya fara biyansu, to sun yi ubangida." Lokacin ina ɗaukar maganar irin ta tsofaffi ce da ba su san daɗin abu ba.

Hoki, wato ƙwallon gora, shi ne wasan makarantarmu. Wani malamin lissafi Ba'indiye ne ya kawo shi, mutum mai gemu da naɗi, muna kiransa Malam Mai Rawani. Ba ya dariya, ba ya yabo. Idan ka yi abin kirki sai ya gyaɗa kai sau ɗaya, kai kuwa ka yi mako kana ba da labari. A hannunsa Iliya ya tashi. Iliya Bakambare ne, Kirista, daga wani ƙauye a hanyar Kumbashi, gadonmu kuma na maƙwabtaka da juna a ɗakin kwana. Siriri ne, ba ya yawan magana, Hausarsa na da ɗan karkata irin ta mutanensu, yara na tsokanarsa da ita. Amma hannunsa na dama wani abu ne daban. Tun yana ƙarami yake gadin dawa da majajjawa, yana korar tsuntsaye da birai daga kan rumfa, har hannun ya san nisa da kansa. Idan ya ɗaga gora ya saki ƙwallo, mai tsaron raga ba ya ganinta, ƙarar katakon baya kawai yake ji. Ni ne mai riƙe masa riga a bakin fili, ni ne kuma mai gaya masa kuskurensa bayan an tashi, shi kuwa yana saurara kamar malami ke magana.

Sai aka kawo mana wani saurayi Ba'amurke, cikin masu zuwa koyarwa don sa kai. Fari ne sol, rana ta mai da shi ja, muka laƙaba masa Malam Jatau. Ya zo da buhun kaya: sanduna masu kama da taɓarya, da ƙwallaye masu ɗinki, da manyan safar hannu na fata. Ya ce sunan wasan besbol, mu muka ce ƙwallon kulki. Mutum ɗaya ya jefa, ɗaya ya maka da kulki ya ruga da gudu yana zagaya kusurwoyi huɗu, sauran su bi ƙwallo. Tun ranar farko gari ya sa masa ido. Me ya sa yake auna fili da igiya yana rubutawa? Me ya sa yake ɗaukar hoton yara? Wani tela ya rantse cewa filin saukar jirgi ake shiryawa. Wani ya ce ba wanda zai baro ƙasar da ke da komai ya zo Kontagora cin tuwon dawa sai da dalili. Malam Mai Rawani ma bai so shi ba, don fili ɗaya ne, yaran kirki kuma ba su da yawa.

Ni kam na so wasan, ba zan ɓoye ba. Wasa ne na haƙuri da karanta zuciyar abokin hamayya, ya dace da ɗan kallo. Ranar da Iliya ya fara jifa, yaron da aka sa ya kama ƙwallon ya cire safar yana yarfe hannu. Malam Jatau ya karɓi safar da kansa ya durƙusa, ya ce a sake. Aka sake. Ya miƙe ya daɗe yana kallon Iliya, irin kallon da mahauci ke yi wa sa a kasuwar shanu. Ko da yake wataƙila ni ne na ga haka daga baya.

Wata rana da la'asar ruwa ya hana wasa, muka taru a barandar gidansa, ya fito da wasu katuna masu hotunan 'yan wasan ƙasarsu. A bayan kowane kati an rubuta tsawon mutum da nauyinsa da garin da yake bugawa. Da yawansu baƙaƙe ne kamarmu. Ya nuna wani ya ce wannan shi ne gwaninsa, amma bara an sayar da shi ga wani gari.

Na ce, "Malam, sayarwa ka ce?"

Ya ce haka ake faɗa, ba mutumin ake sayarwa ba, takardar aikinsa ce.

"To idan takardar ta tafi, shi yana iya zama?"

Ya ce a'a, dole ya bi ta, ko kuwa ya bar wasan har abada.

"Ana tambayarsa kafin a yi?"

Abu ɗaya da zan shaide shi da shi, ba ya ƙarya. Ya ce ba a tambayarsa. Sannan ya dafa kafaɗar Iliya ya ce amma ana biyansu da kyau, kuma hannu irin wannan, da a can yake, da manyan mutane sun yi layi a ƙofar gidansu. Ya ce zai rubuta wa wani da ya sani, ko za a samu makarantar da za ta ɗauke shi.

Iliya ya tafi hutu da wannan labari a bakinsa, yana murna. Aka dawo hutu, gadonsa ba kowa. Mako ya wuce, wani ya bi. Sai wani mai kawo doya kasuwa ya ce mana kakansa ne ya hana shi dawowa, ya ce karatun ya isa haka. Mahaifin Iliya ya rasu tun yana goye, maganar kakan ita ce magana.

Malam Jatau ya damu ƙwarai. Ya ari babur ya ce zai je ya yi bayani, amma tsohon ba ya jin Turanci, Hausarsa ma ta ciniki ce kawai. Sai aka nemo ni, don ina jin Kambarci. A wurin kakata ta wajen uba na koya, wadda ta goya ni saboda ƙafata. Bakambara ce, kuma yadda aka yi ta zo gidanmu tana yarinya abu ne da ba a faɗa a gidan. Kowa ya sani, ba wanda ke ɗagawa.

Muka isa da rana tsaka, dawa ta yi kai, hanya duk laka. Tsohon na zaune a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya. Baba Dogo ake ce masa. Iliya na can gefe a tsugune, bai ɗago ya dube mu ba. Na gaida tsohon da harshensu. Ya ajiye ƙotar ya ƙare min kallo, daga hulata har ƙafar.

"Kai ɗan birni ne. Wa ya ba ka bakinmu?"

Na ce, "Kakata, Baba."

"'Yar wane gari ce?"

Na ce ba ta taɓa faɗa ba, ina jin ita ma ba ta sani ba.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce yayar mahaifiyarsa ma ta fita ɗiban ruwa wata safiya, mahaya suka bi ta rafin, har uwarsa ta mutu tana ajiye mata ƙwarya. Sannan ya ce, "To kai ne za ka tsaya tsakanina da wannan. Abin da ya faɗa shi za ka faɗa min. Kada ka sa masa gishiri."

Na yi alkawari. Malam Jatau ya fara bayani mai tsawo, a kan ilimi, da jirgin sama, da yadda Iliya zai dawo ya gina wa ƙauyen asibiti. Na juya duka zuwa Kambarci. Tsohon ya bari ya gama, sannan ya yi tambayoyinsa, su ne kuwa nawa na baranda, kamar yana wurin. Gaskiya ne ana rubuta tsawon mutum da nauyinsa? Gaskiya ne. Gaskiya ne wani mai kuɗi yana miƙa shi ga wani mai kuɗi? Malam Jatau ya juyo gare ni ya ce in yi ƙoƙari in nuna masa ba irin wancan cinikin ba ne, in nemo wata kalma. Na duba cikin Kambarcin da kakata ta ba ni, ban sami wata kalma ba sai guda ɗaya, ta sayar da bawa. Iliya ya ɗago ya dube ni, idonsa na roƙo. Na san abin da zai biyo baya, amma da ita na yi amfani, na kuma ƙara da cewa Bature ya ce ana biyan mutumin, yana kwana gidansa da iyalinsa, ba mai ɗaure shi.

Baba Dogo ya ce, "Tambaye shi, waɗanda ake sayarwar, akwai masu irin fatarmu?"

Akwai.

"Kakanninsu ta yaya suka je can?"

Wannan ban ma juya ba, don Malam Jatau ya gane daga fuskata. Jan fuskarsa ya ƙaru, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya sa aka kawo wa Malam Jatau kunu a sabuwar ƙwarya, ya ce a gaya masa ba ya ganin mugunta a idonsa, amma wanda ake aikowa gaba ba ya sanin abin da na baya suka shirya.

Da ƙyar aka samu matsaya. Iliya zai koma makaranta, amma ba zai ƙara taɓa ƙwallon kulki ba, ba kuma za a ƙara ɗaukar hotonsa ba. Tsohon ya tambayi wasan gora, na ce wannan ba a biyan kowa, ko ruwan sha mu ke ɗebo abinmu. Ya ce to wannan wasa ne, ya yi ta yi. Iliya kuwa ya yi kusan zango guda ba ya ba ni rigarsa in riƙe. Daga baya ya huce, amma ya ce min, "Da ka ce aro ake bayarwa, da yanzu ina koyon hawa jirgi."

Ba a daɗe ba ƙasa ta rikice, yaƙi ya taso, Turawan sa kai suka tattara. Malam Jatau ya bar buhun kayansa a sito, gara ta cinye kulakan, yara suka yanka safar suka yi danƙon harbi. Har yau ban san ko ya rubuta wa mutumin nasa ba, ban kuma san abin da zai faru da Iliya da a ce ya tafi ba. Mutanen gari dai suka ce ai dama sun faɗa, ga shi ya gama auna abin da ya zo aunawa ya gudu.

Wanda ya zo daga baya ba wanda ya zarge shi. Muna ajin ƙarshe, aka yi gasar makarantu, Iliya ya ci ƙwallayen da har a rediyo aka ambaci Kontagora. Bayan kwana kaɗan sai ga wani mutum daga Kaduna a farar mota, mai fara'a, Hausarsa tas, carbi a hannu. Oga Sule ake kiransa. Ya ce shi jami'in walwala ne a wata masaƙa, suna ɗaukar samari aiki, kuma suna da 'yar ƙungiyar hoki ta motsa jini. Ya gaida shugaban makaranta, ya gaida limami, ya gaida fasto. Ya je ƙauye da buhun gishiri da turmin atamfa, bai nemi tafinta ba, bai kuma ambaci wasa a gaban Baba Dogo ba. Aiki ya ce, da albashi da ɗaki da fansho. Tsohon ya sa albarka.

Ni ne kawai na tare shi a bakin fili na ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki zai riƙa yi a masaƙar?"

Ya dube ni da murmushi, ya dubi ƙafata. "Za a samo masa, ɗan malam. Kai ma kana so?"

Na je na sami Malam Mai Rawani na ce masa mutumin nan bai kwanta min ba. Ya ce a ƙasarsu ma haka ake yi, jirgin ƙasa da soja da banki su ke riƙe 'yan wasa, in ba haka ba yaro ya koma gona hannunsa ya lalace. Na gaya wa Iliya, ya ce, "Ka hana ni na farko, wannan ma za ka hana ni?" Na raka shi tasha na riƙe masa akwati.

Shekarun farko labari mai daɗi ne ke zuwa ta bakin direbobi. Ni na zama malamin firamare a cikin gari. Sau ɗaya na tara guzuri na je Kaduna na gan shi, kuma ba zan rage masa komai ba: ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Fili a shafe kamar tabarma, fararen kaya, jama'a na kiran sunansa. Ya ratsa mutum uku kamar ba sa nan. Na tsinci kaina a tsaye a kan ƙafar da ba ta ɗaukata. Bayan wasa ya kai ni ɗakinsa, na tambaye shi ina injin da yake aiki a kai. Ya yi dariya ya ce bai taɓa shiga cikin masaƙar ba, ƙofar da ake karɓar albashi kawai ya sani. Na ce to ranar da ba ka iya gudu fa? Ya ce in ci abinci.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, bayan shekaru. Wata safiya Oga Sule ya kira shi ofis ya ce ya haɗa kayansa, an mai da shi wani kamfani a Ikko. Iliya ya ce shi bai nemi canji ba. Aka ce manya sun riga sun gama magana, akwai wata alfarma da wancan kamfani ya yi wa wannan, shi ne tukuicin. Yana can Baba Dogo ya kwanta ciwo. Saƙo ya iso ana saura kwana kaɗan wasan ƙarshe na kofi, aka ce ya bari a gama. Ya buga, suka ci, ya iso ƙauye an riga an yi bakwai. Daga baya aka sake miƙa shi wani wuri. A can ne gora ta same shi a gwiwa, aka yi masa allura ya ƙarasa wasan, aka sake yi masa a wasa na gaba, har gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Da ya je neman aikin da aka ce yana da shi, sai aka duba aka ce sunansa na cikin ma'aikatan wucin gadi.

Ya dawo Kontagora ana gab da ba mu jiharmu, lokacin da muka daina kallon Sakkwato muka koma kallon Minna. Na gan shi ya sauko daga mota yana jan ƙafa, ya gan ni ina jan tawa, muka tsaya muna dariya a tsakiyar tasha har mutane na kallonmu. Ya kama gyaran keke a bakin kasuwa. Da yamma nakan je in zauna wurinsa. Na taɓa ce masa kakansa ya yi gaskiya, ƙofar da ya tsare ce kawai ba ta nan abin ya shigo ba. Ya ci gaba da ɗaure sarƙa, can ya ce, "Kai kallo ka yi. Ba ka san yadda abin yake ba idan ƙwallo ta zauna a bakin gora, fili ya buɗe." Ban sake tayar da maganar ba.

Da sabuwar jiha ta zauna, sai aka ce kowace jiha za ta fitar da ƙungiya, har da ta hoki, kuma za a ba yaran aiki a ma'aikatu. Aka tuna da Iliya. Wasu suka zo daga Minna suka ba shi babur da sababbin goruna, suka ce ya zagaya ya nemo yara masu hannu. Ya karɓa. Na ce masa yanzu kai ne Oga Sule. Bai ji daɗi ba, amma bayan kwana biyu ya zo ƙofar gidanmu ya ce akwai wani yaro wajen Kasuwan Garba, ɗan wata gwauruwa, ya gan shi a gasar firamare, bai taɓa ganin irinsa ba. Yana so in raka shi.

Na ce, "Ka san ni. Abin da na sani zan faɗa."

Ya ce, "Shi ya sa na zo wurinka."

Muka tarar da uwar tana sussukar gero a tsakar gida. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kira yaron, wani dogo mai manyan tafukan hannu, ya zo ya tsuguna. Iliya ya jingina sabuwar gora a jikin rumbu, jan fentinta na ƙyalli. Ya yi bayanin aiki da albashi da makaranta. Matar ta saurara, ba ta daina kallon babur ɗin ba. Da ya gama ta ce, "Malam, shi kaɗai gare ni. Wa ya aiko ka, kuma in ya karye wa zai dawo min da shi?"

Na buɗe baki zan yi magana, Iliya ya ɗaga min hannu. Ya miƙe ƙafarsa a kan tabarma, ya naɗe wandonsa har cinya. Ni ma ban taɓa ganin gwiwar a fili ba sai ranar. Ta kumbura ta karkace, ga tabon ɗinki ya ratsa ta kamar an yi facin buhu. Ya ce, "Inna, ga abin da na samo. Ba wanda ya dawo da ni, da kuɗin motata na dawo." Ya gaya mata Ikko, ya gaya mata allurar, ya gaya mata kakansa. Bai rage komai ba, har abin da ni ban sani ba. Ya ce waɗanda suka aiko shi sun yi alkawarin wannan karon ba haka za a yi ba, amma shi ba zai rantse mata a kan alkawarin wani ba.

Matar ta ajiye taɓarya ta zauna a bakin turmi. Ta daɗe tana kallon gwiwar, ta sa gefen zane ta share fuska. Sannan ta juya wajen ɗanta ta ce, "To, ka dai gani da idonka."

Na juya ni ma don in ga yadda abin ya shige shi. Yaron bai ga komai ba. Tun da muka zauna bai dubi gwiwar ba ko sau ɗaya. Ya matsa har jikin rumbu, ya sa yatsa yana shafa bakin gorar a hankali, sai ya ɗago ya ce wa Iliya, "Baba, in ɗaga ta?"